Yadda za ka tsare gonar gwanda daga cutar da darɓa ke yaɗawa

Shekarar da na fara dasa gwanda a lambunmu da ke gefen Rigachikun, wata na huɗu da dashe na ga ganyen saman wata bishiya ya yi dabbare-dabbare, nan kore nan rawaya, kamar zanen da bula ta kama wani wuri ta bar wani. Na ɗauka yunwar taki ce, na ƙara taki. Na yi feshi sau biyu. Kafin wata ya zagayo, maƙwabtanta uku sun bi sahu. Da malamin gona ya zo, bai ma tsaya kan ganyen ba. Ya kama sandar ganyen ya juya ta wajen rana, ya nuna mini wasu layuka masu duhu kamar an shafa mai da yatsa. Ya ce, "Malam, wannan ba ta jin magani. Sai dai mu ceci sauran." Sannan ya dubi kankanar da na shimfiɗa tsakanin layukan gwandar, ya girgiza kai.

Abin da na koya daga ranar zuwa yau shi zan shimfiɗa a nan, bi da bi. Amma sai ka fara sanin ɗan aiken da ke kawo cutar, domin duk matakan a kan halinsa aka gina su.

Darɓa, wadda wasu ke kira kwarkwatar ganye, ita ce ƙananan ƙwarin nan masu laushin jiki da ke cunkushewa a bayan ganyen kuɓewa, wake, barkono da kabeji. Akwai kore, akwai baƙa, akwai mai ruwan toka. Ka juya ganyen kuɓewa da hantsi za ka gan su tsibi-tsibi a gefen jijiya, ganyen yana danƙo yana ƙyalli, kiyashi na hawa da sauka suna lasar zaƙin da suke fitarwa. A ƙasa mai zafi irin tamu ba sa jiran namiji, kuma ba ƙwai suke yi ba: uwa ce ke haifo 'ya'ya da ransu, cikin kamar mako guda 'ya'yan su ma su fara haihuwa. Idan wuri ya yi musu kaɗan ko ganyen ya tsufa, sai a fara haifo masu fukafukai, iska ta ɗauke su zuwa wata gonar. Waɗannan masu fukafukan su ne abin tsoro.

Mai fiffike idan ta sauka a kan ganye, sai ta soka ɗan siririn bakinta ta ɗanɗana, ta ji ko abincinta ne. Idan bishiyar na ɗauke da ƙwayar cutar bairas, ƙwayar za ta manne mata a baki cikin daƙiƙoƙi. Ta tashi ta sauka kan ta gaba, ta sake ɗanɗanawa, shi ke nan ta zuba mata. Abin da ke ruɗa manoma shi ne darɓa ba ta cika zama a jikin gwanda ba, wucewa kawai take yi. Za ka iya bincike ganye ɗaya bayan ɗaya ba ka ga ko guda ba, alhali cutar na tafiya. Shi ya sa feshin gwandar kanta ihu ne bayan hari, kafin maganin ya kashe ƙwaron ya riga ya gama aikinsa. Amma akwai sauƙi guda a cikin wannan hali nata: ƙwayar cutar ba ta daɗewa a bakin. Bayan 'yan mintoci zuwa sa'o'i kaɗan, ko bayan ta ɗanɗana wasu ganyayen, bakin ya wanke. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Wannan cuta ta gwanda tana da 'yar'uwa ta jini a ƙasashen sanyi, sunanta sharka. Ita tana kama itatuwa masu ƙwallo ɗaya mai tauri a cikin ɗansu, irin su fulam da fic da afirkot, wanda Larabawa ke kira mishmish. An fara lura da ita a Bulgeriya wajen 1917, aka tabbatar a 1932 cewa bairas ce, daga nan ta bi dashe ta ratsa Turai. Ba ta kama mangwaro ko magarya ko ɗinya, kada hankalin kowa ya tashi. Na kawo ta ne saboda yadda aka yaƙe ta. Da ta ɓulla a jihar Fensilbeniya ta Amurka a 1999, ba feshi suka dogara da shi ba. Sun bi gona-gona suna gwajin ganye, suna tumɓuke masu cutar har da lafiyayyun da ke cikin tazarar mita 500, suka hana sabon dashe a yankin. Sai da aka share sama da eka 1,500 na gonaki, aka ɗauki shekara 10, kafin a 2009 a ce jihar ta rabu da ita. Ita kuwa ta gwanda, da ta shiga yankin Puna na tsibirin Hawayi a 1992, cikin shekara 6 ta zabge kusan rabin gwandar da suke samu. Mu ma nan gida dattawa ba su manta 1975 ba, lokacin da kuturtar gyaɗa, wadda ita ma darɓa ce ke ɗaukarta, ta cinye kimanin hekta 700,000 a Arewa.

To, ga yadda ake yi.

Mataki na farko, tun kafin ka sayi iri, ka zaga unguwar gonar da ƙafa. Abin da kake nema shi ne tsofaffin gwandojin da aka yi watsi da su: wadda ta tsiro a bakin kwata, wadda ke bayan katangar maƙwabci da 'yan ganye biyar a ƙoli kamar tsintsiya. Su ne rumbun cutar. Idan a filinka suke, ka sare. Idan na maƙwabci ne, ka je ka same shi da girmamawa. Ni wani dattijo ne ke da irin wannan a kan iyakarmu, na ce masa, "Baba, wannan bishiyar ta gaji, ka bar ni in cire ta, in kawo maka dashe uku lafiyayyu a madadinta." Ya ce, "Ɗana, ai dama ba ta ba ni komai sai inuwar da ba ta kai tabarma ba, je ka cire." Da na je da maganar cuta kawai, da wuya ya yarda. Idan kana da zaɓin fili, ka nisanci tsohuwar gonar gwanda da gonar kankana iyakar nisan da za ka iya, ka kuma lura da inda iska ke fitowa. A Kaduna iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta damina daga kudu maso yamma. Gonar da ke ƙarƙashin iskar gona mai cuta ita ke fara karɓa.

Na biyu shi ne dashe, kuma a nan ne akasarinmu muke sayo wa kanmu cutar da kuɗinmu. Dashen da ya yi makonni a bakin titi a buɗe, kusa da furanni da kayan lambu iri-iri, yana iya kamuwa alhali ganyensa na nan shar, domin alamar takan ɗauki mako 2 zuwa 3, wani lokaci fiye, kafin ta fito. Cutar ba ta saba bin ƙwayar iri ba, saboda haka wanda ya reni nasa daga iri ya fara da tsabta. Ka cika ledojin reno da ƙasa mai taki ruɓaɓɓe, ka saka ƙwaya 2 ko 3 a kowace, ka jera su a ƙarƙashin rumfar raga mai ƙananan idanu, irin wadda ake sayarwa don kare shuka daga ƙwari. Ka binne gefen ragar da ƙasa ta kowane ɓangare, ka bar ƙofa ɗaya da za ka riƙa rufewa da zarar ka shiga ko ka fita. Raga mai huda ɗaya daidai take da babu. Kada kuma a cire gidan sauron yara a kai lambu, wannan aikinsa daban. Bayan mako 6 zuwa 8, dashen ya kai kamar taƙi guda, ya isa fita. Akwai irin da ake kira Red Lady, wanda aka samar a Taiwan, yana da juriya ga cutar. Juriya na ce: yana kamuwa, sai dai yakan daure ya ba da 'ya'ya. Kada mai sayarwa ya ce maka ba ya kamuwa.

Ni na fi son in yi reno a watan Maris in dasa a Mayu, da ruwa ya zauna. Ruwan sama mai ƙarfi yana kakkaɓe darɓa, sai bishiyar ta yi ƙuruciyarta a lokacin da masu fukafukai suka yi ƙaranci. Wadda ta kamu tana ƙarama da wuya ta ba ka abin kirki, wadda ta kamu bayan ta ɗauki 'ya'ya kuwa za ka ci wani abu. Sai dai ka ɗaga mata ƙasa ta zauna a kan tudu, tazarar mita 2 zuwa 2 da rabi, domin gwanda ba ta shiri da kwanciyar ruwan Agusta.

Na uku, shinge mai rai. Mako 3 ko 4 kafin ranar dashe, ka shuka masara ko dawa layi 3 zuwa 4 a kewayen gonar, a matse. Ka tuna bakin darɓa yana wankewa idan ta ɗanɗana wani ganye. Wadda ta taso daga nesa da cuta a baki, gefen gona take fara sauka, sai ta soki masara, wadda wannan cutar ba ta kamawa, ta bar ƙwayar a can. Shingen ba ya tare duka, amma yana rage masu isowa da guba. Idan masarar ta kusa bushewa, ka riga ka shuka wata a cikinta, musamman ta gefen da iskar hunturu ke bugowa, ka riƙa ba ta ruwa tare da gwandar. Lokacin noman rani, da daji ya bushe lambu kaɗai ke kore, shi ne lokacin da duk darɓar yankin ke tattaruwa a kan masu ban ruwa.

Na huɗu ya shafi abin da za ka sa tsakanin layuka. Na san ba wanda ke son ganin fili a banza wata takwas yana jiran gwanda. Amma ka cire dangin kabewa gaba ɗaya daga lissafi: kankana, kabewa, kokwamba, gurji, agushi, har da soson da ke hawa shinge. Cutar gwanda tana zama a jikinsu, darɓa kuma tana son su. Kuɓewa, barkono da auduga su ma gidan darɓa ne, ka nisanta su. Albasa ta fi aminci a tsakani. Ciyawa kuma a riƙa nome ta, har ta bakin lambatu.

Na biyar abu ne mai arha. Ka samo robobi ko kwanoni masu launin rawaya, ka zuba ruwa rabi da ɗigon sabulu, ka ajiye a kusurwoyin gona a kan bulo. Launin rawaya yana jan masu fukafukai, su faɗa su nutse. Wannan tarko ba zai ƙarar da su ba, amfaninsa ya ba ka labari. Duk kwana 3 ka duba ka sauya ruwan. Ranar da ka ga sun yi yawa fiye da yadda ka saba gani, ka san ayari ya iso, ka ƙara yawan zagaye a makonni uku masu zuwa.

Yanzu ga babban aikin, wanda ba a ba yaro: zagayen dubawa. Sau ɗaya a mako aƙalla, da sassafe kafin rana ta yi ƙarfi, ka bi kowane layi kana duban ƙolin kowace bishiya, domin a sabon ganye alamar ke fara fitowa. Da farko jijiyoyin ganyen ne ke yin haske. Sai dabbare-dabbaren kore da rawaya, wani wurin ya kumbura kamar borin jini. Idan ta yi nisa, sabon ganye yakan fito a tsuke, yatsunsa sirara kamar igiyar takalmi, sandunan ganye su gajarce, kan bishiyar ya ƙanƙance. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce wadda malamin gona ya nuna mini, wato layukan nan masu kama da maiƙo a sandar ganye da saman gangar jiki. A jikin ɗan gwandar kuma za ka ga zobba-zobba masu duhun kore, wasu cikakku wasu rabi kamar jinjirin wata. Irin wannan gwandar ba ta cutar da mai ci, amma zaƙinta ya ragu, kuma 'yan sari a kasuwar Kawo da sun ga tabon za su karya mata farashi.

A yi hattara, akwai masu kama da ita. Maganin kashe ciyawa idan iska ta kwaso shi daga gonar maƙwabci yana tsuke ganye kamar haka, amma za ka ga ya bugi gefe guda na gonar a lokaci ɗaya har da sauran tsirrai, kuma ganyen da zai fito daga baya yakan dawo daidai. Yunwar taki ta fi farawa daga tsofaffin ganyen ƙasa, rawayarta kuma shimfiɗe take ba dabbare ba. Akwai kuma farin ƙwaron nan mai kama da auduga da ke manne wa gwanda yana murɗe ganye, shi ido na ganinsa. Idan ka yi shakka, ka ɗaura wa bishiyar ƙyalle, ka ɗauki hoto da waya, ka dawo bayan kwana 4 ko 5. Ko ka yanki ganye da sandarsa ka sa a leda ka ɗaure, ka kai wa malamin gona na ƙaramar hukumarku. Muna da gata a jihar nan, Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da hukumar wayar da kan manoma ta NAERLS duk suna Samaru, Zariya, kuma akwai masana cututtukan tsirrai a can.

Idan ta tabbata, sai cirewa, a ranar. Wannan shi ne matakin da ke da ciwo, na sani. Bishiya ce da ka reno tun tana ƙwaya, wataƙila ma da 'ya'ya a jikinta, zuciya na cewa a bar su su nuna tukuna. Ni na bar ta farko mako uku saboda wannan tunanin, kuma a cikin makonnin nan ne ta raba wa na kusa da ita. Wake ɗaya ke ɓata gari. Ga yadda ake cirewar: ka fara fesa mata ruwan sabulu ko na dogonyaro ta jiƙe, ita da ciyawar gindinta, don kada girgiza ta tayar da ƙwarin da ke kai. Ka sare ganyayen ka cusa a buhu nan take. Ka sare gangar, sannan ka tone gindin da saiwarsa, domin kututturen da aka bari yana tohowa, tohon kuma da cutar yake fitowa. Ka binne duka a rami ko ka fitar da su nesa su bushe a rufe. Da ganye ya bushe cutar ta mutu, ba ta zama a ƙasa. Ka wanke addar da sabulu da ruwan bilic kafin ka taɓa wata, ka wanke hannu. Bishiyoyin da ke kewaye da ramin kuma ka sa musu alama, ka riƙa duba su duk bayan kwana biyu har wata guda.

Feshi yana da wurinsa, amma a kan gidajen darɓa: kuɓewa, wake da barkonon da ke kusa, da ciyawar gefe, inda suke hayayyafa kafin su yi fiffike. Ka daka ƙwayar dogonyaro busasshiya da aka ɓare, giram 50 ga kowace lita ta ruwa, wato giram 750 ga tankin goyo mai lita 15. Ka jiƙa ta kwana, ka tace da ƙyalle mai laushi sau biyu don kada ta toshe bakin famfo, ka narka ɗan sabulun wanki kamar girman kwalin ashana ka zuba. A yi feshin da yamma, a bi bayan ganye, a maimaita bayan mako. Idan za ka fesa wa gwandar kanta, ka gwada a ganye biyu ka jira kwana biyu, domin ganyenta ba ya son sabulu mai ƙarfi. Magungunan kanti masu kisan nan take kuwa, ka yi taka-tsantsan da su. Wasunsu suna firgita darɓa ta riƙa tsalle daga bishiya zuwa bishiya tana suka kafin ta mutu, sannan suna kashe masu taimakonka, irin jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi a baya kamar rabin ƙwayar wake, wanda shi da 'ya'yansa darɓa ce abincinsu. A gyaɗa lissafin ya bambanta, domin can darɓar zama take yi kuma tana riƙe cutar kwanaki, shi ya sa shuka da wuri, cika gona a matse, da iri mai juriya irin SAMNUT 24 na Samaru suke aiki sosai.

Mai lemu a lambunsa ya ƙara da wannan. Lemu yana da tasa cutar, tiristeza, wadda baƙar darɓar lemu ke ɗauka, kuma tana bin reshen aure. Ita ce ta kashe miliyoyin bishiyoyi a Ajantina da Barazil a shekarun 1930 da 1940, waɗanda aka aura a kan gindin lemu mai ɗaci. Lemun tsami yana da rauni a gabanta: ka ɗaga ganye wajen rana ka ga jijiyoyin sun yi haske guntu-guntu, ka ɓare ɓawon ƙaramin reshe ka ga itacen ya yi ramuka. Kafin ka sayi ɗan aure, ka tambayi daga wace uwa aka yanko idon, a kan wane gindi aka ɗora. Wanda kuma ya je Masar ko Turkiyya ya ga fic da mishmish suka ba shi sha'awa, kada ya naɗo reshe a jaka. Ta irin wannan hanyar sharka ta tsallaka teku, kuma shigo da tsiro sai da izinin hukumar NAQS mai kula da killace tsirrai da dabbobi.

Idan kuwa cutar ta riga ta mamaye gonar, har ka ga cirewa ɗaya-ɗaya ba za ta riske ta ba, to ka daina kashe kuɗin taki a kanta. Ka tsinke abin da ya ƙosa ka sayar, ka share gonar gaba ɗaya har da kututture da 'yan tsiron da suka fito da kansu, ka bar filin ba gwanda ba dangin kabewa na wasu watanni, ka noma masara ko dawa a wurin. Kada ka dasa sabuwa a gefen tsohuwa da niyyar wai ta gaje ta. Ka yi magana da masu lambun da ke jere da kai a bakin rafi ku share a wata ɗaya ku dasa a wata ɗaya, domin darɓa ba ta san iyakar gona ba. A namu layin mu biyar ne muka yi wannan shawarar bayan sallar Juma'a, muka tsayar da cewa duk wanda ya ga layin maiƙo a sandar ganye zai kira sauran kafin ya ɗauki adda, kowa ya je ya duba tasa a ranar.